Akwai Wuta? Tarihin Wata Tambaya a Bakin Gareji

 A wannan mako za mu ɗan ajiye maganar jigo da salo, mu leƙa gareji.

Duk wanda mota ta taɓa mace masa a hanya ya san yadda abin yake gudana. Bakanike ya iso, ya ɗaga bonet, ya zare wayar fulogi guda, ya kai bakinta kusa da ƙarfen inji, sannan ya ɗaga murya: "Alhaji, buga mata!" Inji ya yi ta juyi, kowa ya zuba ido a ɗan filin da ke tsakanin waya da ƙarfe. In aka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle, tas-tas-tas, sai a ce akwai wuta, a koma neman laifi wajen mai. In ba a gani ba, a ce babu wuta, a tura yaro ya kirawo mai wayarin.

Abin da ya ja hankalinmu a nan shi ne kalmar wuta ɗin kanta. Mun ɗora mata kaya da yawa. Ita ce ta murhu, ita ce wadda ake ɗaukewa a kawo, ita ce ta batir, ita ce kuma tartsatsin bakin fulogi. A cikin injin fetur abubuwa uku ne suke fakewa a bayanta. Akwai wutar da batir ke ba kwayil, akwai tartsatsin da kwayil ke haifarwa, sannan akwai na uku a tsakaninsu wanda ba shi da suna a bakin yawancinmu, wato abin da ke gaya wa kwayil cewa yanzu ne lokacin da zai harba. Masana suna ce masa sigina, amma don kada a rikita shi da siginar da direba ke kunnawa in zai sha kwana, mu za mu riƙa kiransa umarni. Wannan umarni a da da ido ake ganinsa. Yau sai da kayan awo. Yadda aka yi ya ɓace wa ido shi ne labarinmu, kuma rashin rarrabe shi da sauran biyun yana nan yana cin aljihun masu motoci a garuruwanmu.

Da farko ma wutar ta gaske ce, mai harshe. A shekarar 1860 Étienne Lenoir, ɗan asalin Beljiyam mazaunin birnin Faris, ya ƙera inji mai aiki da iskar gas wanda ake kunnawa da tartsatsin lantarki, amma batiran zamanin ba su da ƙarko, tartsatsin yau ya zo gobe ya ƙi. Shi ya sa lokacin da Nikolaus Otto ya fito da injinsa mai bugu huɗu a Jamus a 1876, sai ya koma ga harshen wuta: wata 'yar fitila tana ci a gefe, wata ƙofar ƙarfe mai zamewa tana kai wutar cikin silinda a kan lokaci. A 1883 Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach suka zo da wata dabarar, ɗan bututu da ya leƙa cikin silinda, ana gasa shi daga waje har ya yi jajawur, in fistan ya matso haɗin iska da mai cikinsa sai ya kama. A irin wannan inji, in aka tambaya ko akwai wuta, sunkuyawa kawai za a yi a duba. Matsalarsa ita ce iska tana iya hure fitilar, mota in ta kife gobara ce, kuma babu wanda ke da iko a kan daidai lokacin da haɗin zai kama.

Karl Benz shi lantarki ya riƙe. Motarsa mai ƙafa uku, wadda ya yi wa rajista a watan Janairun 1886, da batir da kwayil take tashi. Kuma a kan wannan mota ne aka yi gyaran wuta na gefen hanya da ya fi kowanne shahara. A watan Agustan 1888 matarsa Bertha ta ɗauki motar da sassafe ba tare da ta gaya masa ba, ita da 'ya'yansu maza biyu, daga Mannheim zuwa garinsu Pforzheim, tafiyar kimanin kilomita 106. Mai ya ƙare, ta sayi wani nau'insa a kantin magani a garin Wiesloch. Bututun mai ya toshe, ta zare tsinken da take soke hularta ta zokale shi. Sai kuma wata wayar wuta ta zaizaye tana taɓa ƙarfe, ta kwance maɗaurin safarta ta naɗe wurin. A iya fahimtarmu wannan na ƙarshen ya fi sauran nuna basira, don toshewar bututu kowa zai iya gani, amma gane cewa lantarki yana sulalewa ta inda bai kamata ba sai wanda ya san yadda injin ke aiki.

Wanda ya warware matsalar batir shi ne Robert Bosch, da ya buɗe ɗan shagonsa a Stuttgart a 1886. Ya fara ƙera maganeto a 1887 domin injin da ke girke wuri guda, a 1897 ya ɗora shi a kan abin hawa, sannan a 1902 wani injiniyansa mai suna Gottlob Honold ya haɗa maganeto mai ƙarfin da zai iya tsallaka bakin fulogi irin wanda muka sani. Maganeto ba ya jiran batir. Juyin inji ne ke gilma naɗin waya da maganaɗisu kusa da juna, wutar ta samu daga nan. Wannan dabara tana raye a unguwanninmu: ƙaramin janaretan da ake ja da igiya, da injin ban-ruwan 'yan fadama, da injin markaɗe, duk jikokinta ne, shi ya sa suke tashi ba batir.

A Amurka kuwa akwai lokacin da kunne ne kayan awon bakanike. Ford Model T, wadda aka fara sayarwa a 1908 aka daina ƙerawa a 1927 bayan an yi fiye da miliyan 15, tana da kwayil huɗu a cikin akwatunan katako, kowace silinda da nata, kuma kowanne in an ba shi umarni sai ya yi ƙugi kamar ƙudan zuma. A wana inji a hankali a saurara, wanda bai yi kuka ba shi ne mai laifi. Wani kaso na umarnin ma a hannun direba yake. A ƙarƙashin sitiyari akwai ɗan hannu da yake turawa ya gaggauta tartsatsi ko ya jinkirta shi. In ya manta bai jinkirta ba ya je gaba zai wana injin da hannu, injin yakan juyo baya da ƙarfi, kuma mutane da dama sun samu karaya a hannu ta wannan hanya.

Tsarin da iyayenmu suka tarar a cikin motoci na Charles Kettering ne, wanda ya kafa kamfanin Delco da abokinsa Edward Deeds a garin Dayton na jihar Ohio a 1909. Motar Cadillac ta fara amfani da shi a 1910, bayan shekara biyu kuma ya ƙara mata sitata, wadda kanikawa ke kira kik, aka huta da wana inji. Sunan kamfanin ya bi abin har cikin harshen Faransanci, inda ake ce wa distiributa delko, kuma wanda ya taɓa gyaran tsohuwar mota a wajen kanikawan da suka koyi aiki da kalmomin Faransanci, irin na Maraɗi da Damagaram, zai iya cin karo da sunan.

A nan ya kamata mu dakata, don wanda ya gane wannan tsari ya gane duk abin da ya biyo baya. A cikin kwayil akwai naɗin waya biyu a kan ƙarfe ɗaya. Na farko mai kauri ne, zagaye 'yan ɗaruruwa. Na biyu siriri ne kamar gashi, zagaye dubbai. A cikin distiributa kuma akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu haɗuwa da rabuwa, su ne kwantak. Muddin suna haɗe, wutar batir mai bolt 12 tana bi ta naɗi mai kauri, ƙarfen tsakiya ya zama maganaɗisu. Sai wani ɗan tudu da ke juyawa da inji ya zo ya raba su. Wuta ta yanke farat ɗaya, maganaɗisun ya rushe, wannan rushewa ta tunkuɗo wuta mai ƙarfin bolt 20,000 ko kusa da haka a cikin siririn naɗi, ta bi ta kan distiributa zuwa fulogin da layi ya zo kansa. Ƙa'idar da Michael Faraday ya gano ce a Landan tun 1831. Mu lura da kyau: tartsatsi a lokacin yankewa yake fita, ba a lokacin haɗuwa ba. Mutane da yawa, har da wasu masu gyara, akasin haka suke zato. Kondensa kuma aikinta ta shanye ɗan tartsatsin da zai tashi a bakin kwantak ɗin kansa, don kada ya ƙone, don kuma yankewar ta zama mai kaifi.

Ashe ke nan kwantak shi ne mai ba da umarni, kuma ana iya kallonsa yana bayarwa. A cire murfin distiributa, a buga kik, ga shi nan yana buɗewa yana rufewa. Wanda yake son tabbaci sai ya ɗauko ƙwan fitila mai waya biyu, ya maƙala ɗaya a jikin inji. Jamusawa sun ba bakunan kwayil lambobi: 15 shi ne wanda wutar batir ke shiga in an murɗa makulli, 1 shi ne mai tafiya wajen kwantak, 4 kuma babban na tsakiya. A taɓa 15, in ƙwai ya kama, batir ya sauke nauyinsa. A taɓa 1 ana buga kik, in ƙwai yana ƙyaftawa, umarni yana zuwa. In ya kama ya tsaya cak, kwantak ba ya haɗuwa, wataƙila ya ƙone ko ya yi datti. In bai kama ba sam, ko dai ba ya rabuwa, ko waya ta taɓa ƙarfe, ko naɗin cikin kwayil ya tsinke. Da ƙwan fitila guda an raba ukun nan da muka ambata a farko, kowanne an ba shi amsarsa.

Wannan shi ne ilimin da ya zauna daram a garejinmu. Kamfanin haɗa motocin Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, kuma 504 ta zama motar gwamnati, motar haya, motar gida. Kanikawan da suka taso da ita sun san kwantak kamar yunwar cikinsu. Suna goge bakinsa da takardar yashi, su daidaita buɗewarsa zuwa kusan milimita 0.4, wasu da ma'auni, wasu da ido. Saitin taimin kuwa, a saƙala siririyar takardar kwalin sigari a tsakanin kwantak, a juya inji da hannu a hankali, daidai inda takardar ta saki nan ne tartsatsi zai fita, sai a duba ko alamar da ke jikin fuli ta zo daidai. Ba mu yarda da masu raina wannan aiki ba. Awo ne na gaskiya, da kayan da ke hannu.

Wannan ma abin lura ne ga masu rubuta labari a cikinmu. Mun sha karanta inda mota ta tsaya wa jarumi, bakanike ya zo "ya taɓa wasu wayoyi" ta tashi. In labarinka a 1985 yake, ba shi takardar yashi da kwantak, mai karatun da ya rayu a lokacin zai ji ƙanshin gaskiya. In kuwa a bara yake, kada ka sa shi ya buɗe distiributar motar da aka ƙera ba ta da ita.

Kafin kwantak ya kau, an riga an fara zana tartsatsi a kan gilashi. Karl Ferdinand Braun ya ƙirƙiro bututun da ke nuna motsin lantarki a matsayin layin haske a 1897, kuma zuwa shekarun 1950 da 1960 kamfanoni irin su Sun a Amurka da Crypton a Ingila suna sayar wa manyan gareji na'urori masu kama da talabijin domin wannan aiki. A kan gilashin kowane tartsatsi yana da sura: wani dogon layi da ya miƙe sama, shi ne ƙarfin da aka buƙata kafin wuta ta tsallaka, sai ɗan gajeren layi a kwance, shi ne tsawon lokacin da tartsatsin ya yi yana ci, abin da bai fi kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na daƙiƙa ba, sannan wasu 'yan igiyoyi masu lafawa. Layin farko in ya yi tsawo fiye da na 'yan uwansa, bakin fulogi ya yi faɗi ko waya ta tsinke a ciki. In ya yi gajarta, fulogi ya yi baƙi ko wuta na zurarewa. Na'ura ce mai tsada, ba ta bakin titi ba.

Me ya kashe kwantak? Lissafi kaɗan zai nuna. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 6,000 a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa. Ƙarfe biyu da ke marin juna haka dole su ci, kuma suna ci taimin yana gocewa. Muddin abin da zai biyo baya bai wuce shan mai da ɗan hayaƙi ba, an haƙura. Amma a 1970 Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska, zuwa 1975 kuma yawancin sababbin motocinta suna ɗauke da tukunyar tace hayaƙi a jikin salansa, wadda ɗanyen mai ke ƙonawa in fulogi ya riƙa tsallake bugu. Kamfanin Chrysler ya fara sa tsarin da ba shi da kwantak a 1972, ya game motocinsa da shi a 1973, General Motors ya bi baya da nasa. Abin da ya maye gurbin kwantak wani ɗan faifai ne mai haƙora da ke gilmawa gaban naɗin waya da maganaɗisu. Babu abin da ke taɓa wani. Kowane haƙori in ya wuce sai ya tayar da 'yar ƙaramar wuta, taransista ta karɓa ta yanke wa kwayil. Daga ranar, bakanike zai iya buɗe murfin distiributa ya yi ta kallo har yamma, ba zai ga umarni ba.

Sauran matakan sun zo da sauri. A 1979 Bosch ya fitar da Motronic a motar BMW, kwamfuta guda da ke riƙe da mai da wuta tare. Ita ce kakar abin da ake kira burenbos a garejinmu. Faifan haƙora ya sauka daga distiributa ya koma jikin kiranshaf. A motocin Turai da yawa wurin haƙora 60 ne amma an cire biyu, saura 58, kuma wannan giɓin ne ke gaya wa kwamfuta inda fistan yake, ta fara ƙirga daga nan. Sansar da ke karanta haƙoran iri biyu ce. Mai waya biyu ita ke samar da 'yar wutarta, wadda ke ƙaruwa in inji ya ƙara gudu. Mai waya uku sai an ba ta wuta, ita kuma ta riƙa mayar da amsa ta kunnawa da kashewa, kuma tana aiki ne da abin da Edwin Hall ya gano a 1879 yana ɗalibi a jami'ar Johns Hopkins, tun ba a ƙera mota ba. A ƙarshe distiributa da dogayen wayoyinta suka ɓace, kowane fulogi aka ɗora masa nasa kwayil a ka. Wato an dawo inda Model T take, sai dai yanzu babu ƙugin da kunne zai kama.

Kamfanin Toyota ya ƙara wani abu da ya burge mu. A yawancin motocinsa kowane kwayil yana da waya huɗu. Ɗaya ta kawo bolt 12, ɗaya ta koma jikin ƙarfe, ɗaya mai suna IGT ta kawo umarni daga kwamfuta, ɗan bugu mai bolt 5. Ta huɗun, IGF, ita ke komawa da shaida cewa an aiwatar. In kwamfuta ta ba da umarni ba ta ji shaida ba, sai ta tsayar da feshin mai, don kada ɗanyen fetur ya cika salansa. Don haka mota tana iya ƙin ba da mai alhali famfon mai da nozul lafiyarsu ƙalau, laifin yana jikin wata siririyar waya a ɓangaren wuta. Wanda ya tsaya a kan rabon da aka gada, ko wuta ko mai, a nan zai ɓace.

Daga 1996 doka ta tilasta wa duk motar da za a sayar a Amurka ta kasance da soket mai baki 16 a kusa da sitiyari, inda ake jona na'urar karanta laifi, Turai ta bi sahu a motocin fetur a 2001. Irin waɗannan motoci ne suka riƙa shigo mana ta Kwatano da Legas, kayansu suka cika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Yau sikana ta yi arha, har da wadda ake haɗawa da wayar hannu. Sai dai abin da take faɗa ba shi ne abin da ake ji ba. P0301 tana nufin silinda ta farko tana tsallake bugu, ba ta ce don me ba. P0335 tana nufin akwai matsala a layin sansar kiranshaf, kuma layi ya haɗa da sansar, da soket ɗinta da baƙin mai ya jiƙa, da wayar da ɓera ya ci, da haƙoran faifan. P0351 haka take game da layin kwayil na farko. Lambar tana nuna unguwa ne, gidan sai an bi an ƙwanƙwasa.

Shi kuma tsohon gwajin nan na kusantar da waya jikin inji, ko a zamaninsa shaidarsa rabi ce. Friedrich Paschen ya nuna a 1889 cewa ƙarfin da lantarki ke buƙata kafin ya tsallaka wani fili ya dogara da faɗin filin da kuma matsin iskar da ke wurin. A sararin iska kusan bolt 3,000 sun isa tsallaka milimita guda. A cikin silinda kuwa fistan ya matse iska fiye da ninki goma, don haka kwayil mai rauni zai yi tas-tas a waje ya shiga ciki ya gaza. A motocin yanzu gwajin har ɓarna yake yi. In aka nisanta kwayil da ƙarfe, wutar da ta rasa mafita takan huda rufin kwayil ɗin ko ta kashe taransistar da ke cikinsa. Ƙwan fitilar da ya yi wa iyayenmu aiki shi ma in aka ɗora shi a kan siririn layi mai bolt 5, yana iya jan abin da ya fi ƙarfin kwamfuta. Ƙaramar fitilar LED ko mita ake sawa.

Mun ga duk wannan da idonmu a lokacin da aka tura mu koyon aiki muna karatun difiloma. Wata rana aka turo wata motar haya garejin da muke. Direban ba tasa ba ce, balas yake kai wa mai ita kullum, kuma kwanansa takwas bai kai ba. Da safe takan tashi lafiya, ta yi tafiyar rabin awa, sai ta mutu kamar an zare makulli. Kik yana juya inji, ba ta kamawa. Gareji na farko sun canza fulogi, ta tashi. Washegari ta sake. Na biyu suka canza kwayil huɗu, ta tashi. Na uku suka canza famfon mai, ta tashi. Wani mai sikana ya ce burenbos ce, kuma kuɗin da aka yanka masa ya fi abin da zai samu a wata.

Mai wayarin na garejinmu dattijo ne da ya fara da Fijo, kowa Baba yake ce masa. Ya saurari labarin har ƙarshe, ya yi tambaya ɗaya.

"Duk inda aka gyara, minti nawa ake ɗauka kafin a ce ka buga?"

"Awa ɗaya, Baba, wani lokacin biyu."

"To, ba su suka gyara ta ba. Hucewa ta yi."

Ya sa aka tayar da ita aka bar ta tana aiki a rana, bonet a rufe, ya shirya kayansa a gefe ya zauna. Da ta mutu sai ya miƙe da sauri, don ya ce laifin da zafi ke kawowa da zafinsa ake kama shi. Ya sa direba ya buga, shi kuma idonsa na kan allurar da ke nuna juyin inji. Ba kowace mota ce allurarta ke motsi a lokacin kik ba, amma ya san irin wannan tana ɗan ɗagawa, ga shi ta kwanta shiru. Ya zare soket ɗin kwayil guda, ya auna: bolt 12 na nan, layin ƙarfe na nan. Ya ɗora 'yar fitilarsa a kan wayar umarni, aka buga, ko ƙyas. Ya ɗora bakin sukuddireba a kan nozul, ya kara ƙotar a kunne, babu ƙas-ƙas ɗin da ake ji in tana feshi.

"Kun gani?" ya ce da mu. "Ba ta ce a ba da wuta ba, ba ta ce a ba da mai ba. Kwayil huɗu ba sa mutuwa rana ɗaya. Ita kanta ba ta san injin yana juyawa ba."

Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya cire soket ɗin sansar kiranshaf, mai waya biyu ce, ya ɗora mita. Mita ta nuna layin a yanke yake. Ya aiki ƙaraminmu ya sayo ruwan leda mai sanyi, ya fasa ya tsiyaya a kan sansar, muna tsaye muna kallon mita, sai ga lamba ta dawo. Siririn naɗin da ke ciki ne ya tsinke a wuri guda, in ya yi sanyi bakunan su haɗu, in ya ɗauki zafi su rabu. Ya mayar da soket, ya ce, "Buga mata." Bugu ɗaya ta kama.

Sabuwar sansa ba ta kai kuɗin kwayil ɗaya daga cikin huɗun da aka sayo ba. Da direban zai tafi ya buɗe but ya nuna wa Baba tsofaffin kwayil ɗin a cikin leda, Baba ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a jikin motar, duka lafiyarsu lau. Direban ya ce gobe da sassafe zai kai sababbin shago ko za a karɓa a ba shi ko da rabin kuɗinsa. Baba bai ce masa komai ba, ya ci gaba da naɗe wayoyin mitarsa, don duk wanda ke garejin ya san kayan wuta in sun fita shago ba sa komawa.